Ƙarƙashin Gada

Mushe Mutari ya rubuta da guntun alli
a allon lakwal ɗinmu mai tsaga a kusurwa:
"Gida mai gawayi, jika huɗu a wata.
Gida mai gaz, jika biyu da rabi.
Saboda haka gaz ya fi sauƙi.
Me aka ɗauka, ba a faɗa ba?"

Ya karkaɗe hannu ya ce,
kowace "saboda haka" gada ce,
ku leƙa ƙarƙashinta ku ga itacen da ya tokare ta.

Na leƙa. Lissafi kawai na gani.
Huɗu ya fi biyu da rabi,
ko a Birni, ko a Zango.

Da la'asar na iske Inna Cima a tsakar gida,
wake a wuta, mafici a hannu.
Na karanta mata tambayar don ta yi dariya.
Ba ta yi ba.

Ta ce, butel ɗin, wa ya ba su?
Daga sama ya faɗo?
Ta ce, ni gawayi na dala ashirin nake aike,
ran da ciniki ya kwanta, na dala goma.
Gaz fa, ana auna shi a gwangwani?
Mai jika biyu da rabi a dunƙule
ba shi ne mai dala-dala ba,
ko da kuɗinsu ya zo ɗaya ranar talatin.

Ta juya wake, ta ce,
gidan gaz ɗin baki nawa?
Mu nan sha ɗaya ne, ban da baƙin Mirya.
Shayi suke dafawa ko ganda?

Na fara rubutu a kan gwiwa.

Ta ce, bara Falmata ta kwana tara
tana yawo da butel a bayan kabu-kabu,
daga Kasuwar Dole har bakin gari,
ko'ina babu, sai gobe.
Kuɗin mai babur, a wane gida malaminku ya sa shi?
Garwashin da ya rage kuma,
da shi babanka ke guge rigar Juma'a,
da shi nake turare ɗaki,
tokar ta wanke mini tukunya.
Saboda haka,
ta ce, tana sunkuyawa ta hura,
gawayi ya fi sauƙi.

Sai tari ya sarƙe ta.
Ta dafa bango har ya lafa.
Ta share ido da bakin zane,
idon da tun bara ni ke zura masa zare a allura.

Ga gada, a tsakar gidanmu.
Na leƙa ba da sona ba.
Itace uku na gani:
cewa ƙirji kyauta ne,
cewa takardar magani ta wani littafi ce daban,
cewa itatuwan da ake ƙonawa can bayan duwatsu
suna haihuwa da dare.

Ban faɗa ba. Waken ya nuna,
ta zuba mini da mai da yaji.

Washegari Mushe Mutari amsa ɗaya yake so:
"An ɗauka gidajen biyu girkinsu daidai yake."
Na rubuta, ya ja jan layi, ya ce da kyau.
Sauran takwas suna bayan takarda,
biyar na Inna, uku nawa.
Bai juya ba.

A hanyar gida na tsaya wurin mai butel,
na tambayi kuɗin fanko.
Ya faɗa. Na ƙirga abin da ke aljihuna,
na raba da watanni,
na ce, saboda haka kafin azumi…

Sai na ji ƙafata a kan katako.