Tambaya Sau Biyu

Ƙarfe biyun dare a Sheffield,
ɗakin ƙasa, ba taga, sai hucin fankoki.
Moira ta tafi gida tun tara,
ta bar mini rabin biskit da 'yar takarda manne a allo:
Kubra, layin nan yana faɗuwa, ki duba.

Na duba.
Koriyar fitila, ba ta kai ƙwayar dawa ba,
tana nan a bakin katin sadarwa, idonta biyu.
Amma direban da na rubuta da hannuna watan jiya
ya dage yana rantsuwa layi ya yanke,
alhali ga waya a soke daram,
saƙonni sun yi cirko-cirko a ƙofa
kamar masu bin bashi.

Kati biyu ba sa fara zance sai sun gaisa.
Wannan ya ce: ina iya goma, ina iya ɗari, ina iya dubu.
Wancan ya ce: ni ɗari ce iyakata.
Ba gori, ba wanda ke cewa albarka.
Mai dubu sai ya rage taku,
ya jera da mai ɗari,
tafiyar jika da kaka a hanyar asibiti.
Sannan su yanke shawara:
tare za mu riƙa magana,
ko sai na ajiye ka ɗauka?
In gaisuwar nan ta lalace,
ɗaya na ta zuba, ɗaya na jiran a ba shi fili,
kalmomi su yi ta karo a tsakiyar waya,
kowa na ganin laifin ɗan'uwansa.

Amma nawa sun gaisa lafiya.
Shayi ya huce sau uku kafin na gano ta,
a littafin maƙeran guntun,
can ƙasan shafi, da rubutu sirir kamar sawun tururuwa:
in layi ya taɓa yankewa, ko na ƙiftawar ido ne,
guntun yakan riƙe abin a ransa
har sai an tambaye shi.
Amsar farko ta abin da ya wuce ce.
Ta biyu ita ce ta yanzu.

Ni kuwa sau ɗaya nake tambaya.
Wata guda ina karɓar tsohon ciwo a matsayin labarin yau.

Layi ɗaya na ƙara. Ɗaya tak.
Na harhaɗa, na loda, na riƙe numfashi.
Allo ya ce: an haɗu, dubu, kowa na iya magana.
Na zare waya, ya ce an rabu.
Na mayar, ya ce an dawo.
Sau ashirin na yi, don mugunta.

A waje ruwa na ta yayyafin da ba ya jiƙa mutum sai ya isa gida.
Jirgin titi bai fara aiki ba,
na hau tudu da ƙafa, waya a kunne.
Nafi'u ƙanena yana Hull,
aikin dare a gidan kula da tsofaffi.

Ina gajiya? Ba gajiya.
Ya sanyi? Lokacinsa ne.
Ya aiki? Da godiya, Yaya.
Wata uku ke nan da wannan karatu,
ni kuma in ce madalla, in kashe.

Guntun nan ya fi mu, shi da ciwo yake farawa.
Mu fitilarmu koriya ce kullum a tambayar farko.

Na tsaya ƙarƙashin rumfar wani shagon da ke rufe.
Na ce, Nafi'u.
Ya ce, na'am.
Na ce, ya kake?

Shiru ya yi tsawo har na ɗaga wayar
in ga ko layi ya yanke.
Bai yanke ba. Daƙiƙu na ta ƙirga kansu.

Can ya fara, a hankali,
kalma ɗaya, hutu, wata kalma,
gudun goma.

Na sauke nawa dubun,
na jingina da bango.