Ƙofar Direba

Shekara talatin da ɗaya ƙofar nan tana gardama.
A-kori-kurar babana, shuɗiya a da, yanzu ruwan toka,
ta haddace kowane rami daga Tacuarembó zuwa gonarmu.
Ta ɗauki tumaki, ta ɗauki wayar shinge da buhunan ulu,
ta ɗauki gawar kakata ranar da ruwa ya shanye gada,
amma ƙofar direba sai an doke ta sau uku.

Gam! Ta dawo.
Gam! Ta dawo.
A na uku ya tallafe ta da gwiwa, ya haɗa da kafaɗa da ashar,
sannan ta yarda.

Bana kafaɗar ce ta ƙi.
Likita ya ce jijiya, Baba Anselmo ya ce sanyi ne kawai.
Na tarar ya ɗaure ƙofar da igiyar ragama,
yana tuƙi, iskar kudu na shigowa tana taɓa masa hula.

Ranar Asabar na kira Wilmar Techera,
mai gareji a bayan mahauta, mai yatsa huɗu a hannun dama.
Ko kallon makullin bai yi ba.
Ya buɗe ƙofar rabi, ya kama gindinta ya ɗaga: ƙwas, ƙwas.
"Kin ji? Ba baki ne ke ciwo ba, ƙugu ne."

Muka kafa jak a ƙarƙashinta, da guntun katako
don kada fenti ya ƙuje. Wane fenti?
Na rungume ta kamar mai riƙon ɗan maraƙi,
shi kuma ya bi ƙusar pata da guduma.
Ta sama ba ta ja magana ba.
Ta ƙasa sai da muka shayar da ita mai,
muka zauna, ƙoƙon mate ya zagaya sau biyu,
ita tana can tana shawara da tsatsa.
Da ta fito, ga ta a tafin hannuna,
ta cinye kanta, ta yi ƙugun zanzaro,
zoben tagullar da ke riƙe da ita ya zama gari.

Sabuwar ƙusa, sabon zobe, giris a ɗan yatsa.
Wilmar ya shafa alli a ƙarfen da makulli ke cafka,
ya rufe, ya buɗe, ya karanta inda allin ya goge,
ya sassauta noti, ya matsar da ƙarfen kaurin farce.
Kaurin farce fa.

"Tura."
Na tura da yatsa biyu.
Ƙit.

Baba ya zagaya motar, hannu a baya.
Ya shiga, ya manta, ya fizgo ta har gilashi ya yi rawa.
Bai ce an gode ba, ya ce, "Nawa?"
Wilmar ya ce ɗan rago, in Disamba ta kama.

Litinin ya dawo daga kasuwar dabbobi da almuru.
Ƙarar inji ba ta isa kicin, iska ke kwashe ta.
Kare bai ɗaga kai ba.
Buta na zaune a sanyaye gefen murhu.
Sai ga mutum tsaye a bakin ƙofa, hula a hannu,
kamar baƙon da ya yi ɓatan kai.
Mama Nélida ta dafe ƙirji: "Yaushe ka shigo?"

Ashe a bugun farko take ɗora ruwa,
a na biyu ta yanka burodi,
a na uku ta gyara gashinta a jikin gilashin taga.
Ni da na girma a gidan ban taɓa lura ba.

Yanzu in ya tsaya, yakan rufe ta a hankali, ƙit,
ya ɗan tsaya yana hararar ta,
sannan ya doki bayan motar da hannunsa mai lafiya,
sau uku, da tazara,
yadda ruwa zai samu ya fara kuka.