Kunne Ɗaya

A rumfar Arzika na saye shi, bakin tashar Jega,
inda caja da batir ke rataye kamar barkono a igiya.
Ya zube mini uku a tafin hannu.
"Wanga dubu bakwai, babu waya, caji ɗai za ka yi mai.
Wanga dubu ukku, da maɓalli.
Wanga ko," sai ya yi dariya, "na 'yan makaranta na."
Na shafa aljihu.
Aljihu ya ce ni ma ɗan makaranta ne.

Na ce a gwada.
Ganga ta fito siririya,
kamar ana kaɗa ta cikin gwangwanin madara,
amma dai ta fito.
Dubu da ɗari biyu, ya ƙi rage ko sisi,
ya ƙulle mini a leda kamar maganin mura.

Shekara tara injin niƙa yana yi mini tsawa.
Dawa da safe, masara da hantsi,
markaɗen wake in rana ta karkata.
Ko na kashe shi na koma gida
yana nan zaune cikin kaina, yana niƙa banza.
Ran nan na toshe kunnuwa biyu,
sai injin ya koma maƙwabci mai tari a bayan katanga.

Iyafis bai san zaman lafiya ba.
In na naɗe shi da kyau na sa a aljihu,
sai ya fito a cukurkuɗe kamar taliyar da ta kwana.
Robar dama ta faɗa garin wata baiwar Allah,
ban faɗa ba, ban kuma ji an yi cigiya ba.
Wuyansa ya fara ƙaiƙayi,
sai na danna da babban yatsa kafin ya yi magana.
Na ɗaure shi da salatif, na ƙara da zaren buhu,
fari ne da, yanzu launin hannuna ya ɗauka.

Kwana arba'in da ɗaya, hagu ya mutu.
Babu jinya, babu sallama.
Arzika ya juya shi, ya hura masa iska,
ya ce, "Labbo, kaya in sun bar rumfa sun zan naka."

To, nawa ne.
Na ci gaba da sawa, rayayye da matacce.

Ta mataccen na ji bel yana kukan tsinkewa
na kashe inji kafin ya zabge ni.
Ta nan na ji Hassi 'yar mai ƙosai
tana cewa, "An ce kada ya yi laushi,"
maganar da ta yi wata guda tana faɗa wa bango
uwarta na zagina a gida.

Ta rayayyen kuwa ƙanena Nomau ke shigowa
daga Kwatano, daƙiƙa arba'in da uku.
Ya ce can ruwa ba ya da gaɓa ta biyu.
Ya ce gulbinmu ya kawo bana?
Na ji shi sau nawa, ban ƙirga ba,
har na san inda yake haɗiye miyau
kafin ya ce a gaida Inna.

Jiya da dare, an ɗauke wuta,
Kulu ta miƙo hannu ta zare na hagun
ta sa a kunnenta.
Wayar taƙi biyu ce, dole kanta ya matso nawa.
Ta ce, "Ba na jin komai."
Na ce mata ai ya mutu, cire.
Ta ce, "Bar shi."

Na tuna na dubu bakwai, wanda babu waya.
Na yi shiru.
Gashinta na ƙamshin man kaɗe da hayaƙi.
Nomau ya sake tambayar gulbi.