Tambaya ta Goma Sha Bakwai

A hawa na tara na ginin jami'a, a Sheffield,
inda ruwa ba ya aiko hadari kafin ya sauka,
nake zaune ina ƙirga ƙauna.

Gida ɗari biyu da sha ɗaya na yi wa sallama.
Na sha shayi har ya gundure ni,
na tuɓe takalmi inda aka ce ba sai na tuɓe ba,
na ajiye rikoda tsakanin bulumboti da takardar kuɗin wuta.
Tambaya ta goma sha bakwai ta ce:
"Sau nawa a mako kuke ce wa ɗanku kuna son sa?"
Gurbi biyar a ƙasa,
daga "ban taɓa ba" zuwa "kullum".

Lorraine ta Hillsborough, mai aikin dare a gidan tsofaffi,
ta ƙyalƙyale da dariya:
"Kullum mana, ko da ina jifan sa da silifa."
Declan, direban bas, mai riƙon 'ya'ya uku shi kaɗai,
ya daɗe yana juya biro,
sannan ya ce, "Gyaran keke yana ciki?"
Na ce ba shi da gurbi.
Ya ce, to.

Farfesa Hargreaves ta ce alƙaluman sun yi kyau.
Layin yana hawa kamar hanyar Crookes:
yawan furtawa, yawan walwalar yaro.
Ban musa ba. Ni na tattaro su, da ƙafata.

Amma daren Laraba, da ofis ya watse,
na zari fom guda, na rubuta sunan Inna a sama.
Inna, wadda ni ce 'yar farinta,
shekara talatin da shida bakinta bai kama sunana ba.
"Ke" ce ni. In da baƙi, "waccan".
Ranar da zan baro Funtuwa
ba ta rako ni ko zaure ba,
tana tsintar shinkafa kamar duniya a faifan take.
Sai a filin jirgin Manchester,
da jami'i ya zazzage akwatina,
ya ɗaga ƙullin kuka yana tambayar mene ne,
na ga safa biyu na ulu a ƙarƙashi,
ɗaya ta fi ɗaya tsawo,
saƙar macen da ba ta taɓa ganin dusar ƙanƙara ba.

Na sa mata alama a "ban taɓa ba".
Gaskiya ce ai.
Kwamfuta ta ba ta sifili,
ta shafa mata ja,
ta jera ta cikin gidajen da ke buƙatar a sa musu ido.

Rumasa'u tawa, shekararta bakwai,
takan jefo mini kalmar a ƙofar makaranta, da Turanci,
in cafe, in mayar mata da Turanci,
don a can ba ta da nauyi, kamar balan-balan take.
Na gwada sau ɗaya da Hausa.
Ashe turmi ce. Ta tsaya mini a wuya.

Ƙarfe goma na dare na karɓo ta a hannun maƙwabciya,
barci ya sa ta yi nauyin buhu.
Na kwantar da ita, na shiga kicin,
na ɓare lemon gobe,
ina cire fararen zaren nan ɗaya bayan ɗaya
don ba ta son su.
Shi ma ba shi da gurbi.

Da asuba na kira gida.
"Ke ce?" in ji Inna. "Ya sanyi?"
Na ce da sauƙi.
Shiru. Ina jin zakara a bayanta, ina jin guga na bugun rijiya.
"Kina dai sa safar?"

A babi na shida akwai shafi guda
da ake kira iyakokin bincike.
Na buɗe shi, na hura hannuna,
ban san ta inda zan fara ba.