Mai Tsaron Sikeli a Gujungu

Ranar Lahadi nake zama ma'aikaci,
sauran kwana shidan jiran Lahadi nake.
Riɗi na saukowa daga amalanke,
ni kuma ina gindin sikelin Alhaji Na'ibi,
biro a kunne, littafin bashi a cinya.
"Kilo tamanin da uku. Rubuta, Hambali."
Na rubuta.

Shekara biyar na yi a Dutse ina nazarin ƙasa,
ba wadda ake ɗaga wa tuta ba,
wadda ke maƙalewa a farce:
rairayi, laka, jangargari.
Ina gane kanwar da ke cin shinkafa a fadama
tun kafin bakin ganye ya ƙone.
Tumaki huɗu da ɗan maraƙi Inna ta sayar.
Takardar na nan cikin leda, cikin adaka,
ta sha turaren zannuwanta har ta ƙoshi.

A sakatariya suka juya ta gaba da baya:
"Gurbin masinja ne ya rage,
kai kuwa karatunka ya yi mana yawa."
Ban taɓa jin an kori rijiya don zurfi ba.
Igiyar garin ce gajera.

Sagiru yana Ibadan, cikin farar riga,
kullum saƙonsa ɗaya: taho.
To, wa zai goya Inna a babur zuwa Jahun
in ƙafar nan ta sake kumbura?

Makon jiya, la'asar sakaliya,
wani tsoho, Baffa Jatau, ya tsaya a kaina,
ba buhu, ba jaki.
Ya cire hula, cike take da ƙasa.
"An ce kai ne ka karanci wannan.
Shekara uku tana mayar mini da irina kawai."
Na murza, na shinshina, na ɗora a harshe.
Na manta da sikeli, na manta da Alhaji,
bakina ya ɓalle kamar madatsa a Agusta:
rage takin kanti, zuba na turke,
bana ba ta wake, bar ta ta huta da gero.

Ƙwan zabi biyar ya ajiye mini a kan littafi.
Albashin farko ke nan da digirina ya ci.

"Hambali! Barci kake?"
Saba'in da tara.
Na rubuta,
da sauran ƙasar tsoho a harshena.