Mai Ƙirga Ungulu a Orcha

Jirgin ƙasa ya sauke ni a Jansi, rana tsaka,
a-daidaita-sahu ta ƙarasa da ni Orcha,
ƙishi a maƙoshi, taswira ta jiƙe da gumi a aljihu.

Na fara da fadar da ke tsallaken gada.
Matakalunta sun fi ƙarfin gwiwata,
kamar don ƙattin da aka sassaƙa su.
Giwaye biyu na dutse sun tsare ƙofa,
shuɗin tangaran ya saura jefi-jefi a bango
kamar haƙoran tsohuwa: kaɗan ne, amma da su take dariya.
Wai don baƙo ɗaya aka gina ta,
wai dare ɗaya ya kwana.
Yanzu jemagu ke haya a ɗakunan sama,
biri mai baƙar fuska shi ne sarkin gida.
Ya dube ni, ya dubi ayabar hannuna,
ya karɓi kuɗin shiga, bai ba ni rasit ba.

A tsakiyar gari akwai ɗakin bauta mai ruwan goro
inda suke kiran abin bautarsu sarki.
Da almuru masu gadi suka ƙame da bindiga, suka sara masa,
ƙararrawa ta ɗauka, turare ya cika hanci.
Na tsaya daga waje, cikin tulin takalma.
Wata mai sayar da furanni, Ramkunwar,
ta ga baƙo ne, ta miƙo mini alewar madara a ganye.
Ba ta jin harshena, ba na jin nata,
amma zaƙi bai nemi tafinta ba.

Da asuba na gangara kogin Betwa.
Gine-ginen tunawa da sarakuna sun jeru a gaɓa,
ba gawa a cikinsu, suna kawai,
da inuwar da ruwa ke lanƙwasawa.
A nan na iske Harcaran Kushwaha,
tsohon malamin lissafi,
madubin hange a wuya, littafi a cinya,
yana ƙirga ungulu.

Na kasa ɓoye dariya.
Na ce, malam, ga ɗawisu can yana baza ado,
ga aku kore shar a kan hasumiya,
ka rasa ta ƙirgawa sai mai sanƙo?

Bai ɗago kai ba.
Ya ce, ina yaro, in saniya ta faɗi a bayan gari
kafin ka kira babanka sun rufe rana,
kafin la'asar ƙashi ya yi fari.
Ba wanda ya gode musu.
Sai muka soma ba shanu wani maganin ciwo,
shanun suka ji sauƙi,
masu cin gawarsu suka riƙa faɗowa daga itace.
Sai da karnuka suka gaji aikin, wari ya shigo ɗaki,
muka ɗaga kai, muka ga sama wayam.

Ya buɗe mini shafin jiya: goma sha tara.
Shekaranjiya, goma sha tara.
Watan da ya wuce, ashirin da ɗaya,
da ɗan layi ja a ƙarƙashi.

Ya miƙo madubin, ya ce taya ni, idona ya tsufa.
Na bi ƙusoshin kubba ɗaya bayan ɗaya,
inda farin kashinsu ya zubo kan rawanin sarakuna.
Sha bakwai. Sha takwas. Sha tara.
Sai wani abu ya motsa a ƙasan fiffike,
ɗan kai mai gashin auduga,
mummuna kamar uwarsa,
yana buɗe baki ga hasken farko.

Na ce, ashirin.

Ya karɓe madubin, hannunsa na rawa.
Ya daɗe yana kallo.
Sannan ya lashi bakin fensir,
ya tambaye ni yadda ake rubuta sunana.