Kariya

Albashi ya shigo ran Talata,
ran Alhamis ya yi mini sallama.
Abin da ya rage na ƙulle cikin safa,
dubu goma sha ɗaya, wasu har da ɗinki,
na ce yau motata sai ta sami kariya.

Tsohuwa ce, Sitalet, ja ce a da,
yanzu launin tukunyar da ta ga wuta.
Sau ɗaya na cusa mata albasar Wurno a ciki,
mako biyu ɗiyana na zuwa makaranta suna wari,
Ige ta ce, "Malam, ko mu ko albasa, zaɓi ɗaya."

Na fara da shago mai ƙofar gilashi.
Ga ta nan a leda, sabuwa fil.
Yaron ya faɗi kuɗi, idonsa na kan waya.
Na ce, "Har da mota za ka haɗa mini?"
Ni kaɗai na yi dariya.

Sai wurin 'yan gwangwan,
inda motoci ke kwance ba ido ba haƙori.
Sahabi ya jawo wata daga ƙarƙashin ƙofofi,
ƙafa uku lafiya, ta huɗu ta yi ruku'u.
"Wagga ta ga Illela, ta ga Ƙwanni,
shekara ashirin bisa Fijo, ba ta taɓa kada kaya ba."
Na taya biyar, ya ce albarka.
Na juya, na ƙirga taku tara kafin ya kira ni.
A bakwai muka tsaya.

To, wa zai ɗauki mai ɗauka?
Ba ta shiga but, ba ta shiga baya.
Na shimfiɗa tabarma a rufi, na ɗora ta,
igiya ta taga, hannuna ɗaya a waje,
ƙarfen ya sha ranar azahar, yana cizo,
haka na ratsa gari kamar mai rantsuwa
har Buzaye, bakin wata bedi, inda ake walda.

Arzika ya auna da taƙi, bai nemi awo ba.
Ta fi rufin da taƙi biyu da yatsa uku.
Babu wuta, ni na sayi man janareto.
Ya yanke, ya haɗa, tartsatsi na faɗa wa takalmina.
Ya yanka tsohon silifa gida huɗu
ya sa ƙarƙashin kowace ƙafa, wai don fenti.
Na dubi motar, na dube shi. Wane fenti?
Noti uku 'yan uwa ne,
na huɗun daga injin markaɗe ya yi hijira.
"Buhu huɗu, Malam, kak ka ƙara.
Rufin mota ba bayan jaki ba na."
Saura ɗari shida a safa, na sha ruwan leda,
na kama hanya.

Da na wuce sittin sai ta fara fito,
siririyar murya, kamar makiyayi a nesa.
A Acida na tsaya na ɗaure noti,
a Wurno na manta da Arzika.
Albasa ta yi araha, zuciya ta ce biyar.

Kafin mu kai kwalta rufin ya sauko
ya gaisa da hulata.
Na cire ta, na tuƙa da kai tsirara,
ina bin ramuka da sannu kamar mai ɗauke da ƙwai,
kowane gargada sai na ce, "Allah, wannan karon kaɗai."
Har yau akwai lotsawa a wurin,
in an yi ruwa tsuntsaye na sha.

Jiya na fito zan tafi aji,
na tarar Ige ta shanya kuɓewa a kai,
yankakkiya, bisa buhu, tana kallon rana.
Ta ce, "Nan ne kaɗai awaki ba su kaiwa."
Na sa hulata, na tafi a ƙasa.
Dubu goma da ɗari huɗu,
kuɓewa ta sami kariya.